Dashen ɓargo da saɓanin rukunin jini: Haɗarin da ke biyo mai sankarar jini har gida Kebbi

Duk mai bibiyar Facebook ko zaurukan WhatsApp a Birnin Kebbi da Argungu ya saba ganin sanarwar neman taimako: hoton marar lafiya, takardar asibiti, lambar asusun banki, da bayanin cewa likitoci sun ce sai an fitar da shi Indiya ko Masar a yi masa dashen ɓargo. Jama'a kan yi karo-karo, wani lokaci a dace kuɗin su haɗu. Da zarar jirgi ya tashi kuwa, yawancin waɗanda suka taimaka sukan ɗauka magana ta ƙare.

A likitance tsugune ba ta ƙare ba. A cikin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na dashen da ake yi da ɓargon wani mutum daban, rukunin jinin mai bayarwa ya saɓa da na mai karɓa. Likitoci na yin dashen a haka da saninsu, kuma galibi ana cin nasara. Sai dai saɓanin yana da nasa matsalolin. Wasu kan bayyana a ranar dashe, wasu a mako na biyu, wasu kuma sai bayan watanni, a lokacin da marar lafiya ya riga ya dawo gida, rayuwarsa ta koma hannun ɗakin gwaje-gwaje da ma'ajiyar jinin garinsu. Wannan maƙala ta bayyana yadda abin yake faruwa, da abin da yake nufi ga jiha irin Kebbi.

Sankarar jini da ma'anar dashe

Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne masana'antar jini. A cikinsa akwai ƙwayoyin tushe, waɗanda ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar numfashi, da farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni, wato filatilet. Sankarar jini na kamawa ne idan wani rukuni na fararen ƙwayoyin ya lalace, ya shiga hayayyafa babu ƙaƙƙautawa har ya mamaye ɓargon. Daga nan sai ƙarancin jini, da zazzaɓin da ba ya jin magani, da zubar jini ta hanci ko dasashi.

Ba kowane mai cutar ke buƙatar dashe ba. Yara da yawa masu nau'in da ake kira ALL suna warkewa da allurai da magungunan sankara kaɗai. Masu nau'in CML kuma suna shan ƙwayar imatinib, wadda asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya fara rabawa kyauta tun 2003 ƙarƙashin wani shirin tallafi na ƙasa da ƙasa. Ana komawa ga dashe ne idan nau'in cutar mai tsanani ne, kamar yadda yake ga manya da yawa masu AML, ko kuma idan cutar ta dawo bayan magani.

Kalmar dashe na sa mutane tunanin tiyata, alhali ba a yanka marar lafiya. Da farko ana ba shi magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da gashin haske, don a kashe ɓargonsa mai cutar a kuma kwantar da garkuwar jikinsa. Sannan a ɗura masa ƙwayoyin tushen mai bayarwa ta jijiya, kamar yadda ake ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke neman hanya zuwa cikin ƙashi, kuma cikin mako biyu zuwa huɗu su fara aiki. Likitan Amurka E. Donnall Thomas ne ya wallafa gwajin farko na wannan hanya a 1957, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1990.

Dalilin da ya sa ake amincewa da saɓanin

A ƙarin jini na yau da kullum, saɓanin rukuni na iya kisa cikin sa'o'i. Karl Landsteiner ne ya gano dalilin a Biyana a 1901. Jajayen ƙwayoyin jini na ɗauke da tambari a jikinsu: na wasu A, na wasu B, na wasu duka biyun, wato AB, wasu kuma babu ko ɗaya, su ne 'yan rukunin O. Ruwan jinin kowane mutum yana ɗauke da sinadaran kariya masu kai hari ga tambarin da ba shi da shi. Mai A yana da masu yaƙar B, mai B yana da masu yaƙar A, mai O yana da duka biyun, mai AB kuwa ba shi da ko ɗaya.

A dashen ɓargo, wani tambari dabam ne ke kan gaba, wanda ake kira HLA, kuma a jikin fararen ƙwayoyin jini da sauran sassan jiki yake. Bafaranshe Jean Dausset ne ya gano na farkonsa a 1958. Idan HLA bai dace ba, ko dai jiki ya ƙi dashen, ko kuma dashen ya juya ya far wa fata da hanta da hanjin marar lafiya, cutar da likitoci ke taƙaitawa da GVHD. Gadon HLA yana kan kuromosom na 6, na rukunin jini yana kan na 9, saboda haka kowanne hanyarsa daban. Mutum biyu na iya dacewa sarai a HLA amma rukunin jininsu ya saɓa.

Misali zai fito da abin fili. Idan uba mai rukunin A ne amma yana ɗauke da gadon O a ɓoye, uwa kuma mai B ce da gadon O a ɓoye, 'ya'yansu na iya fitowa A ko B ko AB ko O. Damar a ce shaƙiƙin mutum, uwa ɗaya uba ɗaya, ya dace da shi a HLA ɗaya ce cikin huɗu. Iyalin da suka samu wanda ya dace ba za su ajiye shi ba don kawai rukunin jininsa daban ne. Ƙwayoyin tushe kuma ba sa ɗauke da tambarin A ko B mai yawa, shi ya sa suke iya kama wuri a jikin da ba zai karɓi jajayen ƙwayoyin mai bayarwar ba.

A gidajen da ake da mata fiye da ɗaya, 'yan uba ba kasafai suke cika dacewa ba, amma kusan rabinsu kan dace rabi da rabi, kamar yadda iyaye da 'ya'ya suke. Tun bayan da likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa sabuwar hanyarsu a 2008, dashe daga mai rabin dacewa ya yaɗu a duniya. Auren zumunci ma na ƙara yiwuwar samun mai dacewa a cikin dangi. Idan masu bayarwa suka yi yawa, likita kan duba shekarunsu da lafiyarsu, sannan ya fifita wanda rukunin jininsa ya yi daidai da na marar lafiya.

Idan bare ne zai bayar, saɓani ya fi yawa. Kusan rabin 'yan Najeriya 'yan rukunin O ne, A da B kowanne na da kusan kashi ɗaya cikin biyar ko sama kaɗan, AB kuma ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Da wannan lissafi, idan aka ɗauko mutum biyu da ba su da dangantaka, kusan sau shida cikin goma rukuninsu zai saɓa.

Saɓani iri uku

Na farko shi ne babban saɓani. Yana faruwa ne idan jinin marar lafiya na ɗauke da sinadaran kariya masu yaƙar jajayen ƙwayoyin mai bayarwa, kamar a ce marar lafiya O ne, mai bayarwa A ko B.

Na biyu shi ne ƙaramin saɓani, inda hari ke fitowa daga ɓangaren dashen. Mai bayarwa O ne, marar lafiya A ko B ko AB, saboda haka garkuwar da aka shigo da ita ce ke far wa jinin mai gida. Suna ne kawai ƙarami, domin ɓarnarsa na iya kai ta babban.

Na uku shi ne saɓani mai fuska biyu, kamar daga mai A zuwa mai B, inda kowane ɓangare ke yaƙar ɗaya. Shi ne mafi ƙaranci, bai cika wuce kashi 5 cikin 100 na dashe ba.

Akwai kuma tambarin Rh, wanda ake rubutawa da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gaban rukunin jini. Saɓaninsa bai kai na ABO yawan jawo matsala ba, amma dole ma'ajiyar jini ta yi la'akari da shi, musamman da yake kusan mutum 5 cikin 100 ne kawai a Najeriya ba su da tambarin, kuma samun irin jininsu na da wuya.

Matsala ta farko: ranar dashe

Hanya biyu aka fi bi wajen karɓar ƙwayoyin tushe. Ko dai a sa wa mai bayarwa maganin barci a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, ko kuma a yi masa allura ta kwana huɗu zuwa biyar don ƙwayoyin su fito cikin jini, sannan na'ura ta tace su. Ɓargon da ake zuƙowa don babban mutum na iya kai lita ɗaya ko fiye, kuma jajayen ƙwayoyin da ke ciki sun kai na ledar jini guda ko sun wuce. A babban saɓani, ɗura wannan kai tsaye daidai yake da ƙara wa mutum jinin da ba rukuninsa ba: ƙwayoyin su farfashe a cikin jijiya, jiki ya ɗau rawar sanyi da zazzaɓi, hawan jini ya faɗi, fitsari ya koma ja ko baƙi, ƙoda kuma ta iya tsayawa.

Cibiyoyin dashe sun san maganin wannan. Suna auna ƙarfin sinadaran kariyar marar lafiya kafin ranar. Idan sun yi yawa, sai a tace jajayen ƙwayoyin daga ɓargon har ya rage 'yan mililita kaɗan, ko a wanke ruwan jinin marar lafiya da na'ura don a rage sinadaran. A ƙaramin saɓani kuwa, ruwan jinin mai bayarwa ake ragewa daga ɓargon. Ƙwayoyin da aka tace daga jini ba sa zuwa da jajaye masu yawa, shi ya sa haɗarin ranar farko ya fi sauƙi a wannan hanya.

Matsala ta biyu: fasinjojin da suka biyo dashe

Tare da ƙwayoyin tushe, wasu fararen ƙwayoyin mai bayarwa da ake kira limfosayit kan shigo jikin marar lafiya, likitoci na kiransu fasinjoji. A ƙaramin saɓani, idan suka tarar da jajayen ƙwayoyi masu tambarin da ba su sani ba, sai su shiga sarrafa sinadaran yaƙi da su. Abin kan ɓarke tsakanin kwana na 5 zuwa na 15 bayan dashe. Jini kan ragu farat ɗaya, ido ya yi shawara, fitsari ya yi duhu.

Galibi yakan lafa cikin kwanaki, da zarar tsofaffin ƙwayoyin sun ƙare an maye gurbinsu da jinin rukunin O. Amma akan samu wanda ya tsananta har ya taɓa ƙoda ko ya yi ajali. An lura ya fi faruwa idan daga jini aka tace ƙwayoyin, da kuma idan ba a haɗa maganin metotireksat cikin magungunan kwantar da garkuwa ba. Tun da a wannan lokaci marar lafiya yana kwance a cibiyar dashe, ana auna jininsa kullum, akan gano matsalar da wuri.

Matsala ta uku: ɓargon da ya ƙi yin jan jini

Wannan ce ta fi shafar wanda zai dawo gida. A babban saɓani, wasu daga cikin ƙwayoyin marar lafiya masu sarrafa sinadaran kariya kan tsallake magungunan da aka ba shi, su ci gaba da aiki tsawon watanni. Duk jaririyar ƙwayar jan jini da sabon ɓargo ya haifa, da ta fara nuna tambarin A ko B, sai su hallaka ta tun tana cikin ƙashi. Fararen ƙwayoyi da filatilet suna fitowa lafiya, sankara ta kwanta, amma jan jini babu. Rahotannin cibiyoyi sun bambanta a kan yawan faruwarsa, daga ƙasa da ɗaya cikin goma zuwa kusan uku cikin goma na masu babban saɓani, kuma ya fi yawa idan mai bayarwa A ne, mai karɓa O.

Mai wannan matsala yana rayuwa ne da ƙarin jini a kai a kai, wani duk bayan mako biyu ko uku. Kowace leda na shigar da miligiram 200 zuwa 250 na sinadarin ƙarfe, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi da yawa, sai ya taru a hanta da zuciya, har a buƙaci maganin da ke fitar da shi. Ga mutane da yawa matsalar kan warware da kanta bayan watanni. Idan ta ƙi, likitoci kan rage magungunan kwantar da garkuwa, ko su wanke ruwan jini, ko su ba da rituksimab. A 2018 mujallar likitanci ta New England ta wallafa rahoton wani da ya warke da daratumumab, maganin da aka ƙirƙira don wata sankarar ɓargo, kuma tun daga nan cibiyoyi da dama ke amfani da shi. Dukkansu magunguna ne masu tsada ƙwarai.

Duk da haka, manyan nazarce-nazarce ba su nuna cewa saɓanin rukuni na sa sankara ta dawo ba, kuma sakamakonsu a kan tsawon rai bai zo ɗaya ba. Abin da aka tabbatar shi ne yana ƙara buƙatar jini da sa ido.

Rukunin jinin da ke sauyawa

Bayan dashe, rukunin jinin mutum yakan koma na wanda ya ba shi ɓargo. Jan jini na rayuwa kusan kwana 120, saboda haka akwai watannin da za a iske iri biyu ko uku a jijiya ɗaya: nasa na asali, na sabon ɓargo, da wanda aka ƙara masa. Gwajin gaggawa na ɗigon jini a kan gilashi na iya ba da amsar da za ta ɓatar da ma'aikaci, katin rukunin jinin da mutum ya riƙe tun yana makaranta kuma ya zama tarko.

Ƙa'idar wannan lokaci ita ce a nemi abin da ba zai yi karo da kowane ɓangare ba. Idan marar lafiya O ne, mai bayarwa A, jan jinin O ake ƙara masa har sai sinadaran yaƙi da A sun ɓace, ruwan jini kuma na A ko AB. Idan marar lafiya A ne, mai bayarwa O, jan jinin O ake ba shi tun daga fara shirin dashe, ruwan jini da filatilet kuwa na A ko AB. A saɓani mai fuska biyu, jan jini na O, ruwan jini na AB. A nan ne ledar jini gaba ɗaya, wadda ba a raba ja da ruwa ba, take zama matsala, domin jinin O da ba a raba ba yana zuwa da sinadaran yaƙi da A da B a cikin ruwansa.

Akwai sharaɗi na biyu. Aƙalla wata shida bayan dashe, ko fiye idan mutum na kan magungunan kwantar da garkuwa, dole a haska duk jinin da za a ƙara masa da na'ura ta musamman, don a kashe ƙarfin fararen ƙwayoyin da ke ciki. In ba haka ba suna iya far wa jikinsa, kuma irin wannan farmaki kusan kullum ajali ne. Haɗarin ya fi girma idan jinin ɗan'uwa ne.

Wani abin lura ga iyalai: jini ne ya sauya, gadon da mutum zai ba 'ya'yansa bai sauya ba. Wanda aka haifa da A ya koma O bayan dashe zai iya haifar ɗa mai A, kuma babu abin zargi a ciki. Haka batun sikila: gwajin jini zai nuna jinsin mai bayarwa, amma abin da zai gadar na asalinsa ne. Masu shirin aure su gaya wa likita tarihin dashen kafin a fassara musu sakamakon gwaji.

Inda Najeriya ta kwana

An yi dashen ɓargo na farko a Najeriya a watan Satumbar 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Dakta Nosakhare Bazuaye, da haɗin gwiwar likitocin Basel ta ƙasar Suwizalan. Yaro ne ɗan shekara bakwai mai sikila. A 2024 asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya da cibiyar lafiya ta Jami'ar Vanderbilt, ya yi wa marasa lafiyarsa na farko dashe, su ma masu sikila. Ke nan ƙwarewar da aka tara a gida ta fi karkata ga sikila, masu sankarar jini da ke da hali kuwa galibi ƙetare suke nufa.

A watan Fabrairun 2012 aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo ta Najeriya a Inugu, bisa ƙoƙarin Seun Adebiyi, lauya ɗan Najeriya da ya yi karatu a Jami'ar Yale, wanda ya kamu da sankarar jini ya kuma sha wahalar neman mai dacewa da shi. Alƙaluman babbar rajistar Amurka sun nuna baƙar fata na da damar kashi 29 cikin 100 ta samun mai cikakkiyar dacewa, Turawa kuwa kashi 79. Idan zaɓi ya yi ƙaranci haka, ba a samun sararin tsayawa neman wanda rukunin jininsa ma ya dace.

Abin da ke jiran mai dawowa Kebbi

Babu cibiyar dashen ɓargo a Jihar Kebbi. Cibiyoyin ƙetare kan riƙe marar lafiya kusa da su kimanin wata uku, sannan su sallame shi. Wanda ya dawo Argungu yana da babban asibitin garin, da tafiyar kusan kilomita 50 zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko kusan kilomita 100 zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Abu uku ne ke sa wannan dawowa ta zama mai haɗari.

Na farko maleriya ce. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha, shi ya sa aka fara rigakafin maleriya da Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024. A fadamun shinkafa na kwarin Rima, zazzaɓi da shawara da baƙin fitsari alamomin maleriya ne a idon kowa, kuma su ne alamomin farfashewar jini. Idan aka tsaya a kan maganin maleriya kaɗai, ba a yi gwajin Coombs da ƙidayar jariran ƙwayoyin jini ba, ana iya rasa kwanakin da suka fi muhimmanci. Ita kanta maleriyar na iya shiga ta ƙarin jini, ga jikin da garkuwarsa ba ta gama farfaɗowa ba.

Na biyu shi ne yadda ake samun jini. A yawancin asibitocin Najeriya, idan ana buƙatar jini dangi ake cewa su kawo mai bayarwa. Ga mai sankarar jini wannan al'ada na da illa ta fuska biyu. Kafin dashe, jinin ɗan'uwa na iya sa jikin marar lafiya ya ƙera makaman yaƙi da HLA na danginsa, ya zo ya ƙi ɓargon da ake sa ran zai cece shi. Bayan dashe kuma, jinin dangi da ba a haska ba shi ne mafi haɗari. Abin da ya dace shi ne dangi su ba da jini a ma'ajiya a ba wani, shi kuma a ba shi na bare.

Na uku kayan aiki ne. Raba jini zuwa ja da ruwa da filatilet na buƙatar na'urar juyawa mai sanyi. Jan jini na zama a sanyin digiri 2 zuwa 6 tsawon kwana 35 zuwa 42, filatilet kuwa kwana biyar zuwa bakwai kawai yake yi, a digiri 20 zuwa 24, ana girgiza shi dare da rana. Duk wannan na bukatar wutar da ba ta ɗaukewa.

Doka, kasafi da tambayoyin da suka dace

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tsara yadda ake karɓa da amfani da jini da sassan jiki, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko. A 2021 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, a 2022 kuma dokar inshorar lafiya ta wajabta inshora a kan kowa. Asusun tallafa wa masu sankara na tarayya ya fara ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a samu aƙalla leda 10 ga kowane mutum 1,000 a shekara, wato sama da leda miliyan biyu ga Najeriya, hukumar jinin kuma ta sha bayyana cewa abin da ake tarawa bai kai rabin bukata ba.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a fagen yaƙi da sankara. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, wadda ta kafa Gidauniyar Medicaid kuma uwargidan gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023, an zaɓe ta a watan Oktobar 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC. Jihar kuma na da hukumar inshorar lafiya tata, KECHEMA. Tambayoyin da matasa za su iya kai wa Majalisar Dokokin Jiha a lokacin kare kasafi a fili suke. Asibitoci nawa ne a ƙananan hukumomi 21 ke iya raba jini? Ina ne wuri mafi kusa da ake haska jini, kuma wa ke ɗaukar nauyin kai shi? Likitocin jini nawa ke aiki a jihar? Idan gwamnati ta tallafa wa wani ya fita dashe, shin tallafin ya haɗa da kulawar shekara guda bayan dawowa? Nawa aka ware wa lafiya idan aka auna da alƙawarin kashi 15 cikin 100 na Yarjejeniyar Abuja ta 2001, kuma nawa aka saki a zahiri?

Masu dashe ba su da yawa, amma na'urar da za ta raba musu jini ita ce mai naƙudar da jini ya ɓalle mata ke buƙata, ita ce kuma ta yaro mai sikila da wanda ya yi haɗari a hanyar Jega ko Kamba.

Abin da iyali za su riƙe

Kafin a zaɓi mai bayarwa, a tambayi likita rukunin jinin kowanne, da irin saɓanin da ke tsakaninsu. Kafin a baro cibiyar dashe, a karɓi takarda mai ɗauke da rukunin marar lafiya na asali, na mai bayarwa, ranar dashe, irin jan jini da ruwan jini da filatilet da aka yarda a ƙara masa, da sharaɗin haskawa. A kai kwafinta ga likitan jini da ma'ajiyar jinin asibitin da zai ci gaba da zuwa tun kafin buƙata ta taso, a ajiye hotonta a wayar mutum biyu ko uku na gida. A karɓi lambar da likitan gida zai iya tuntuɓar cibiyar dashen kai tsaye.

Idan aka ga kasala mai tsanani, haki, ɗashewar tafin hannu, shawara, baƙin fitsari ko zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar, ba kantin magani ba, kuma maganar farko da za a gaya wa ma'aikacin lafiya ita ce an yi wa wannan mutum dashen ɓargo, rukunin jininsa na kan sauyawa. Masu haɗa gudummawa kuma su sa kuɗin gwaje-gwaje da ƙarin jini da magungunan aƙalla shekara guda cikin lissafinsu tun ranar da za su fitar da sanarwa.